Fatawar Masauki a Ikko, da Hukuncin Zabuwar Gwaggo

Ran Litinin ɗin nan da ta wuce, bayan an sallame sallar La'asar, muna zaune bisa tabarmar da aka saba shimfiɗawa a gindin darbejiyar ƙofar masallacinmu a nan Rogo Ruma, sai Shaiɗan, wanda ba ya rasa ƙofar shiga wurin mai sakin baki, ya zuga ni na ce, da murya ƙasa-ƙasa kuma ba da nufin kowa ya ji ba, ina da 'yar tafiya ta kwana uku zuwa Ikko, saboda wata takarda da aka ce ba ta samuwa sai mutum ya kai kansa Ikeja. Da na san abin da kalmar nan za ta haifa, da cewa na yi Makarfi za ni sayen mazarƙwaila. Domin kuwa ban rufe baki ba sai da mutanen da rabonsu da wuce Zariya tun suna da baƙin gemu suka gyara zama, kowa ya turo hula gaba, ya zama muftin unguwannin Ikko, alhali kuwa ni ban nemi fatawa ba, ban kuma ce na rasa inda zan sa haƙarƙarina ba.

Wanda ya buɗe babin shi ne wani dattijo dillalin shanu, wanda ya ci kasuwar kurmi shekara da shekaru kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai wannan ba mas'alar saɓani ba ce. Bahaushen da ya je Ikko bai sauka Agege ba, ba tafiya ya yi ba, ɓata ya yi." Ya kafa hujja da cewa tun da dogo ya iso Kano a 1911, jirgi ya riƙa gangarawa da shanu yana hawowa da goro, fatakenmu suka yi kaka-gida a Agege, har ya zamana akwai Sarkin Hausawa da fadarsa, da limamai, da mahautan da ke kwana suna tashi a mayankar Oko-Oba, da mai fura, da wanzami, ta yadda mutum zai share wata guda cur bai buƙaci kalmar Yarbanci ko ɗaya ba, in ban da sunan unguwar ita kanta.

Bai kai aya ba wani tsohon soja ya doka sandarsa a ƙasa, ya ce wannan ƙauli ne mai rauni, domin Agege bayan gari ce, mai son Ikko ta ainihi sai ya haye gada ya shiga Obalende. Ya ja mu baya har 1863, zamanin da Bature Glover ya tara Hausawa ya kafa rundunar da ake cewa ita ce tushen sojan ƙasar nan, ya gangaro da mu barikin Dodan, inda shugabannin soja suka zauna suna mulki har aka tashi zuwa Abuja a 1991, sannan ya rufe da siffanta tsiren Obalende, siffantawar da ta sa har ladan ya haɗiyi yawu. Da na tambaye shi yaushe rabonsa da can, sai ya ce ai jiya-jiyan nan ne, gab da za a buɗe doguwar gadar nan ta uku. Gadar kuwa a 1990 aka buɗe ta, watau mai tsiren da ya ɗora mini nauyin gaishewa, in ma yana raye, to jikokinsa ne ke hura wuta.

Sai wani ɗan gwari, mai kai tumatir da attaruhu, ya ce duk wannan almubazzaranci ne, in sauka kasuwar Mil 12, inda babu kuɗin ɗaki babu na fitila, illa mutum ya shimfiɗa kwali tsakanin kwanduna, ya yi matashi da buhun albasa, da asuba ƙugin tirela ya tashe shi, ko kiran salla ba ya buƙata. Ladan ya ji an taɓa sana'arsa, ya fusata, ya tsai da tasa mazhabar, ya ce Idi-Araba, saboda babban asibitin koyarwa yana nan maƙwabtaka, in ciwo ya kada mutum ba shi da nisa, kuma, in ji shi, sunan ma kaɗai shaida ne na karimci, domin asalinsa wani Bahaushe ne da ba a taɓa ajiye masa akushi ba face ya ce a raba. Na so in gaya masa cewa a Yarbanci ma'anar sunan ba ta wuce gindin rimi ba, amma na tuna ba a gyara wa mutum lugga a bainar jama'a, balle wanda lasifika ke hannunsa sau biyar a yini. Aka kawo Alaba Rago ta hanyar Badagiri, aka ce ita ko sunanta rabi namu ne. Can sai wani ɗan yayana ya miƙo waya yana nuna mini hotunan Lekki da Ikoyi, ɗakuna masu labule har ƙasa, taga na duban teku; da ya faɗi kuɗin kwana ɗaya sai majalisa ta ɗauki salati baki ɗaya kamar an yi shelar rasuwa, aka yi ijma'i, karo na farko kuma na ƙarshe a wannan rana, cewa yaron nan yana buƙatar rubutun sha.

Na'ibin liman, wanda duk hayaniyar nan bai tanka ba yana jan carbi, ya ɗago ya ce mun bar jaki muna dukan taiki, domin mas'alar gaskiya ita ce ta ƙasaru. Ya ce abin da muka karanta a Risala shi ne matafiyi yana ƙasaru idan tafiyarsa ta kai mil 48, yana kuma cikawa idan ya yi niyyar zaman kwana 4. To, ga mutum ya sauka Alaba Rago, buƙatarsa tana Ikeja. Ya fita bayan Asuba, ya shiga danfo, motar nan rawaya wadda yaron mota ke lilo a ƙofarta yana kiran sunayen da ba a gane farkonsu balle ƙarshensu. Gosulo ya riƙe shi, Azahar ta riske shi bisa kujerar, La'asar ta zo ta tarar bai gusa daga gaban mai sayar da ruwan ledar da ya yi wa ciniki da hantsi ba. Tafiyar ba ta kai mil 48 ba, amma ta ci yinin da ayarin raƙuma zai ci: shin wannan bawan Allah mazauni ne ko matafiyi? Aka yi ta ja-in-ja har aka kira Magariba ba a sami rinjaye ba. A cikin wannan duka babu wanda ya tambaye ni abin da ke aljihuna, kuma Agege, wadda take jingine da Ikejar da za ni, ko mai kare ta bai kawo wannan hujja ba, domin bai ga amfaninta ba. Kowa dai da abin da yake rufe zance da shi: "Yarona yana can, ka ce ni na turo ka."

Labari a Rogo ba ya kwana. Talata da sassafe, ban ko karya ba, sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta yi sallama cikin lulluɓi, rungume da zabuwa wadda aka ɗaure wa ƙafafu da tsumman atamfa. Muka gaisa, ta ce, "Na ji an ce za ka kurmi." Na ce, "I, Gwaggo, in Allah ya yarda, amma kwana uku ne kacal." Ta dire zabuwar a gabana ta ce, "To ga wannan, ka kai wa yaron nan." Yaron nan kuwa shi ne ɗanta na fari, taubashina, mai furfura a gemu da 'ya'ya shida, wanda tun da ta haife shi sunansa bai taɓa ratsa bakinta ba. Na ce, "Gwaggo, a wace unguwa yake?" Ta ce, "A Ikko mana." Na ce, "Ai Ikkon da faɗi." Ta ce, "Bakin ruwa. Ka tambaya, kowa ya san shi. Dogo ne, baƙi, yana da rediyo."

Mai karatu ya dubi girman wannan adireshi. Gari ne da ruwa ya yi wa ƙawanya, teku a gaba, tafki a baya, fadama a tsakiya, ta yadda kusan duk inda mutum ya tsaya bakin ruwa ne, in kuwa damina ce to tsakiyar ruwa ne. Lambar wayar mutumin ba ta shiga tun babbar Salla. Sunan yankansa, wanda ni na sani, ba zai amfane ni da komai ba, domin a can dukkanmu, daga malami har mai gyaran takalmi, suna ɗaya aka raɗa mana, Aboki. Na kawo shawarar a yanka zabuwar a soya, a barbaɗe ta da yaji, in ƙunshe a jaka ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Gwaggo ta dube ni irin duban da rabona da shi tun ranar da na fasa mata tulu ina yaro, ta ce, "Soyayya ai ko a can ya samu. Ta gida nake so ya ji kukanta." Ta gyara lulluɓi ta tafi, ta bar ni da amana mai fukafukai.

Da labarin ya kai gindin darbejiya sai aka rushe dukkan fatawoyin jiya, aka sake zama, domin hukunci yana juyawa da illarsa, kuma yanzu ba ni ne matafiyin ba, ɗan rakiya ne. Dillalin shanu da kansa ya janye Agege, ya ce unguwar da wuƙa ba ta komawa kube ba wurin kai amana ba ce. Tsohon soja ya amsa, da raunin murya, cewa masu tsiren Obalende ba sa tambayar nasabar abin da ya faɗo kusa da wutarsu. Aka soke Mil 12, saboda in ta tsinke ta shiga kwandunan tumatir, diyyar da za a ɗora mini za ta fi kuɗin motar zuwa da komowa. Idi-Araba kuwa sunanta ya zame mata aibi, aka ce ba a kai tsuntsuwa guda inda ake kiran a raba, ladan ya rasa ta cewa, domin shi ya kawo tafsirin. A Alaba Rago, aka ce, za ta rasa daraja a tsakanin raguna masu murɗaɗɗun ƙahoni, ta yi baƙin ciki ta rame, in kai ta ba yadda aka ba ni ba. Ɗan yayana ya ce a Ikoyi akwai gidajen da ake karɓar baƙo da karensa, aka ce masa kare daban zabuwa daban, domin kukanta, mai kama da ana goga zarto a jikin kwanon rufi, zai tashi manyan da ko ministoci ba sa tashinsu kafin hantsi. Aka tsaya a kan ko za a biya mata kujera, ko za ta zauna a cinyata tun daga Zariya har a haye gadar Jebba. Aka tsaya a kan abin da zan ce wa masu shinge a hanya in sun nemi takardarta. Na'ibi ya yi bayani cewa ita wadi'a ce a hannuna, in ta mutu ba da sakacina ba babu lamuni a kaina, amma in zafin mota ya sa na yi mata gaggawar yanka, to sai na kawo shaidu biyu adilai cewa ta fara lumshe ido. Daga ƙarshe wani ya ce ai ma rahama ce, duk inda mai zabuwar yake nan ne masaukina, albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Ban taɓa zaton zan kai shekarun nan a mai da ni ƙadangare a gaban jama'a ina godiya ba.

Alhali kuwa duk wanda ke zaune a tabarmar nan ya san inda taubashin nawa yake, ko da bai san lambar gidan ba, domin idan aka ce mana ɗanmu yana zaune a Ikoyi ko Lekki, bakin ruwa, mun san irin zaman. Ɗan ɗaki ne a jikin ƙofar gidan wani, wanda in dogon mutum ya miƙe a ciki sai ƙafarsa ta leƙo waje. Benci guda, buta guda, tabarma a naɗe, rediyo a rataye. Ya kwana buɗe ƙofa yana rufewa, sauro na sha, ruwa na duka, ya tsuke cikinsa ya aiko da kuɗin taki, uwarsa na gida tana alfahari da bakin ruwan da shi bai taɓa samun sukunin zama ya kalla ba. Wannan shi ne wanda ake cewa in je in sauka a wurinsa. Mu dai ba unguwa muke zaɓe ba, wuyan da za mu hau muke zaɓe. Mutum yana Agege da iyalinsa a ɗaki ɗaya, sai kawai ya ga baƙo da jaka a ƙofa ba aike ba sanarwa. Matarsa ta kwashi yara ta koma ɗakin maƙwabciya, shi ya koma kwana a shago, ya ci bashin burodi da shayi domin kada a koma gida a ce ya wulaƙanta ɗan'uwa. Shari'a ta yanke liyafa kwana uku, abin da ya ƙaru sadaka ce. Namu baƙon kuwa gobensa ba ta ƙarewa, ya zo da shuka sai ya ji an fara karyar masara yake neman takalminsa, ranar tafiya kuma ya tsaya yana sosa ƙeya har a ba shi kuɗin mota da tsarabar yara, ya dawo gindin darbejiyar nan ya ce wane ya sake, kurmi ta cinye shi. In kuwa ka ce za ka kama ɗaki da kuɗinka, sai a dube ka kamar ka furta kalmar ridda, a ce me za a ce, kamar ba ka da kowa. Kunyar biyan kuɗin ɗaki muke ji, amma fitar da matar aure daga ɗakinta ba ta taɓa sa ɗayanmu sunkuyar da kai ba, mun ma sa mata suna zumunci.

Ba na tsame kaina. Na taɓa zuwa sau ɗaya, shekarun baya, da niyyar kwana uku, na yi goma sha ɗaya a ɗakin wani bawan Allah da har yau in na tuna shi sai in yi istigfari. Tuwon masara na ci da miyar kuka, mai shayinmu mutumin Karaye ne, wanzamin da ya yi mini aski daga Gwarzo yake, hirar dare kuwa ba ta wuce farashin hatsi a gida ba, watau na yi tafiyar ɗaruruwan mil domin in zauna a Rogo mai tsada. Abin da ya shaida mini ina kurmi bai wuce iska ba, wadda take jiƙe kamar numfashin saniya, riga ta kwana a igiya ta wayi gari ta fi jiya laima, ashana ta ƙi kamawa, kilishin da na yi guzuri ya tsiro da farin gashi kamar ya girme ni. Teku kuwa, wadda dominta nake ɗokin tafiyar a ɓoye, ban sa ta a ido ba, domin kullum sai a ce gobe, akwai gosulo. Da na dawo aka tambaye ni, sai na ɗauki madatsar ruwan Challawa da ke nan Karaye na ninka ta sau dubu, na ƙara mata gishiri da kumfa da ƙugi, na siffanta wa majalisa, har yau kuma ana ruwaito wannan siffa daga gare ni da isnadi, yara suna haddacewa. Yanzu ma bakin tekun nan na Bar Beach, inda na ce na tsaya har igiyar ruwa ta ɗauke mini takalmi, an cike shi da rairayi ana gina sabon birni a kai. Tekun ta gaji da jirana ta ja da baya, ta tafi da shaidar ƙaryata, Allah ya saka mata.

Yau Asabar. Takardar tana Ikeja tana jira, ban tsai da unguwa ba, ban yanki tikiti ba, zabuwa kuwa kwananta huɗu ke nan ɗaure a turken zaurena, watau ta wuce haddin liyafa, kuma a lissafin na'ibi ta zama mazauniya, ba ta da sauran ƙasaru. Tana cin gerona ba godiya, tana tashina kafin ladan, ta kori kajin gidan daga kaskonsu, kuma duk sanda na tambaye ta yaushe za ta tafi sai ta karkace kai ta dube ni da ido ɗaya, duban da na gane shi sarai, domin na taɓa yi wa wani irinsa a Agege. Shekaranjiya Alhamis ta yi ƙwai. Majalisa ta rabu gida uku: masu cewa na Gwaggo ne domin kyautar ba ta kai hannun mai ita ba, da masu cewa na taubashina ne domin ɗa yana bin uwarsa, da ni kaɗai, mai cewa nawa ne a bakin geron da ta ci. Dillalin shanu ya ce ko na wane ne a fitar masa da la'ada. Na tambayi na'ibi a keɓe, tun da an ce sabo da kaza ba ya hana yanka, ko ƙiyasi ya halatta a shigar da zabuwa cikin hukuncin. Ya ce mas'ala ce mai zurfi, ba ya iya yanke ta sai an aiko masa da cinya ya yi tahƙiƙi. Sai dai Gwaggo, wadda ta san halin jininta, kullum da safe tana turo jikarta ta tsaya a ƙofar zaure har sai ta ji kukan, sannan ta koma da rahoto.

Saboda haka ina roƙon masu karatu da ke kurmi, don girman Allah, duk wanda ya san wani dogo, baƙi, mai rediyo, a bakin ruwa, ya gaya masa ya share wuri. Mu biyu ne, da ƙwai ɗaya, kuma kwana uku kacal za mu yi.